Lakar da Jalo Ya Ɗebo

Budapest, 6 ga Fabrairu, 2022

Yaya Furera,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Yaya Jalo da 'yata Murja. Yaya ƙafar Inna? Yaya Kawu Sajo da shanu, da sauran mutanen Kwarin Ɗorawa? Ni lafiya lau, sanyi ne dai ya hana ni sakat. Kin ce saƙon murya ba ya sauka a Madadi sai an hau tudun makaranta, shi ma a gutsure, to na bi shawararki. Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta, in kin shiga Gwarzo ranar kasuwa za ta faɗo wayarki.

Karatun injiniyan ruwa yana tafiya. Na kuma sami ɗan aiki a wani gidan iyo, ina zama a bakin ruwa ina lura kada wani ya nutse. Da suka gwada ni suka tambaye ni a wace makaranta na koya. Na ce a dam ɗin ƙauyenmu, a hannun mijin yayata, wanda in ka kwankwaɗi ruwa sai ya ce ka ƙara, ai ba azumi ake ba.

Akwai wani tsoho da yake zuwa kullum da sassafe, sunansa Tibor, shekararsa saba'in da huɗu. A ƙasa da sanda yake tafiya, amma in ya shiga ruwa sai ki rantse saurayi ne. Abokin aikina ya nuna mini hotonsa a bango, ashe babban mutum ne. Ɗan masunci ne daga wani ƙaramin gari a bakin kogi, a kogin ya koyi iyo. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kawo shi birni. Sau uku yana ciyo wa ƙasarsa lambar zinariya a gasar Turai, kuma an ce shekara takwas babu wanda ya riga shi taɓa bango a dogon tsere. Da ya daina, gwamnati ta kira shi, har ya zama ƙaramin minista mai kula da wasanni da harkokin ruwa. Gidajen iyo da yawa na ƙauyukansu shi ya sa aka gina.

Mun saba da shi. Na ba shi labarin Yaya Jalo da lambarsa ta gasar iyo ta ƙasa, na kuma ba shi labarin ranar laka. Na gaya masa yadda duk shekara kafin shuka Yaya yake yin nutso har gindin bangon dam ya damƙo abin da ya tarar. In baƙar laka ce, bango lafiya, mai unguwa ya ce a yi shuka. In jar ƙasa ce, to jikin bangon ne ruwa yake ci, mutanen kwari sai su tashi. Tsohon ya tambaye ni ko mutane suna yarda da hannunsa. Na ce sun fi yarda da shi a kan takardar injiniya. Ya ce, "To ya riƙe hannun nan da kyau." Ya ɗauki sandarsa ya fita, ko kansa bai goge ba.

Ki gaishe mini da kowa. Ki ce wa Murja ta daina guje wa lissafi.

Ƙaninki,
Sharfaddeen

Madadi, 13 ga Maris, 2022

Ƙanina ɗan Turai,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, Kawu yana gaishe ka, saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu. Murja ta ce in gaya maka lissafi ne yake guje mata.

Takardarka ta yi aikin da ba ka aike ta ba. Ka san tun bara wani babba a gwamnati yake bibiyar Baban Murja. Ba zan rubuta sunansa ba, Oga zan ce kamar yadda suke ce masa. Sau uku yana aiko mutane a kan zai ba shi muƙamin mai ba da shawara kan ruwa da wasanni, shi kuma yana ta jan ƙafa. Kawu Sajo ya ce masa mutumin ruwa da kujera ba sa shiri. Ni ba a tambaye ni ba.

Ranar da na dawo daga kasuwa na zauna na karanta masa takardarka yana cin tuwo. Da na zo wajen da tsohon naka ya zama minista sai ya ajiye loma ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Kin ji ko? A ƙasar da aka san darajar mutum haka ake yi. Ni shekara ashirin ina tsamo 'ya'yan mutane daga ruwa, abin da nake samu Allah ya yi albarka." Na ce ai ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce shi ma bai ce ƙarami ba ne. Maganar da tsohon ya yi a kan hannu kuwa, cewa ya yi yabo ne, Bature ma ya san hannunsa mai tsada ne. Washegari ya sa babbar riga ya tafi wajen Oga.

Yanzu sunansa Honorabul. An ba shi mota mai baƙin gilashi, bayan azumi za mu koma Gwarzo da zama, ni ma an yi mini canjin makarantar da nake koyarwa. Lambar nan tasa da ta shekara ashirin a ƙasan adaka an fito da ita an goge. Ka tuna gyaran dam da aka yi bara, aka shafa fenti aka yanka ƙyalle? Mutanen Oga ne suka yi aikin. Yanzu sun kafa allo a bakin hanya da hoton Baban Murja yana murmushi, wai ruwan Kwarin Ɗorawa yana hannun gwani.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma tun da ya karɓi takardar kama aiki bai sa ƙafa a ruwa ba, mutumin da ko zazzaɓi yake sai ya je ya jiƙa jikinsa. Da ya je gaya wa Inna, tana tatsa, ba ta ɗago ba. Cewa kawai ta yi, "Wa zai ɗebo mana laka bana?" Ya ce shi mana, Gwaggo. Ta ce to, ta ci gaba da tatsarta. Ban ji daɗin wannan to ɗin ba.

Yayarka,
Furera

Budapest, 10 ga Afrilu, 2022

Yaya Furera,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, yaya ibada? Allah ya sa kowa lafiya. Mu nan azumin da tsawo, amma ba zafi.

Yaya, na yi kuskure. Rabin labari na ba ki, domin rabin na sani. Da na gaya wa Tibor cewa Yaya Jalo ya karɓi muƙami kuma labarinsa ne ya ƙarfafa masa gwiwa, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce in zauna. Muka zauna a benci, ruwa yana ɗiga daga jikinsa, ya gaya mini abin da ba a rubuta a ƙarƙashin hoton ba.

A shekararsa ta huɗu a ofis aka gina ganuwar tare ruwa a bakin kogin garinsu. Wani injiniya ya rubuta cewa akwai wajen da ba a daka ƙasar da kyau ba. Aka sa takardar a aljihun tebur aka kulle. Tibor ya ganta, ya karanta ta har ƙarshe. Da kogi ya fara cika, mutanen garin suka tsorata, wasu har sun ɗora kaya a mota. Manyansa suka kira shi suka ce ya je ya kwantar musu da hankali, za a gyara in ruwa ya janye. Ya je ya tsaya a kan ganuwar, 'yan jarida suna ɗauka, ya ce shi ɗan kogin nan ne, ya san halinsa, kowa ya koma gidansa. Suka sauke kayan. Bayan kwana tara ganuwar ta ɓalle. Mutum goma sha ɗaya suka tafi, har da matar da ta ɗinka masa wandon iyonsa na farko.

Babu wanda ya kai shi kotu. Wani muƙamin ma aka yi masa tayi, ya ƙi. Ya ce mini, "Ba don na iya aikin ofis suka ɗauke ni ba. Mutane sun yarda da ni a kan ruwa, wannan yardar suke so. Shekara huɗu suna ajiye da ni, rana ɗaya suka buƙace ni." Ya ce shi ya sa yake zuwa iyo kafin kowa ya zo, har yau ba ya son ya haɗa ido da mutanen yankinsu.

Ba na cewa haka za ta faru da Yaya. Amma kin ce mutanen Oga ne suka yi gyaran bara, kuma hotonsa suka kafa a kan aikin. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san sauran. Don Allah ki karanta masa wannan kamar yadda kika karanta masa waccan, kafin ranar laka.

Ƙaninki,
Sharfaddeen

Gwarzo, 29 ga Mayu, 2022

Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, an yi salla lafiya. Mu ma lafiya, mun tare a Gwarzo. In ka aiko wani abu a watannin nan ban gani ba. Baban Murja ya sauya mini waya da layi, tsohon layin ya ɓata a wajen kwashe kaya, lambarka ma sai a bangon littafin Murja na same ta. Wannan ce lambata yanzu.

Ba ni da wanda zan gaya wa maganar nan sai kai. An yi ruwan farko, ranar Alhamis aka yi ranar laka. Ka san yadda aka saba, mai unguwa da dattawa da faifai, shi ke nan. Bana har da rumfa da kujerun roba da masu ɗaukar hoto, Oga da kansa ya zo. Baban Murja ya tuɓe ya shiga. Ya daɗe a ƙasa fiye da yadda na taɓa gani, har Kawu Sajo ya miƙe ya matsa bakin ruwa. Da ya fito ya ɗaga hannu, baƙar laka ce. Aka zuba a faifai, mai unguwa ya murza ya ce a yi shuka. Aka tafa, abin da ba a taɓa yi ba.

Washegari na ɗauko wandon da ya yi nutso da shi zan wanke. A ƙugunsa, wajen zariya, na ji wani abu. Na zaro, ƙaramar leda ce an ɗaure bakinta da zare, an fasa gindinta, da sauran baƙar laka a ciki. Na juya wandon. Gwiwoyinsa biyu da gabansa duk ja ne, irin jan burji. Shekara goma sha shida ina wanke wandon nan bayan ranar laka, ban taɓa ganin ja a jikinsa ba. Ban sa shi a ruwa ba, na naɗe na kai ƙasan akwatina.

Da na kai masa abinci na dubi farcensa. Ya wanke hannu da sabulu, amma jan yana nan a ƙarƙashi. Ya ga ina kallo, ya janye hannun ya sa cikin riga. Bai ci abincin ba.

Kai ne mai karatun ruwa. Ka gaya mini ko akwai yadda jar ƙasa za ta hau jikin mutum a gindin dam ba tare da wata matsala ba. In akwai, ka faɗa mini da sauri, domin ina son in ji haka. Jiya mutanen kwari suka gama shuka. Gida ashirin da bakwai ne a ƙarƙashin bangon nan, na Inna ne na uku.

Furera

Budapest, 1 ga Yuni, 2022

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, amma tun da na karanta takardarki ban iya karatu ba. Ga wadda na aiko cikin azumi na sake turowa, ki fara karanta ta.

Abin da kike son ki ji ba ni da shi. Jar ƙasa da ita aka gina cikin bangon. In mutum ya same ta a sake a gindi, to ruwa ya sami hanya yana kwasarta kaɗan-kaɗan. Yanzu dam bai cika ba, shi ya sa ba a ganin komai. In ya cika a watan Agusta nauyin ruwan zai ninka, ramin kuma ba ya jiran kowa. Ki sa a riƙa duba bayan bangon. In aka ga ruwa yana tsattsafowa a gona kuma ba garau yake ba, kada a ƙara kwana.

Sau bakwai na kira Yaya Jalo. A na bakwai ya ɗauka ya ce, "Sharfaddeen, ka yi karatunka," ya kashe.

Na gaya wa Tibor. Ya ce in faɗa miki ba shi kaɗai ya karanta takardar injiniyan ba, matarsa ma ta gani a jakarsa. Ta yi shiru don tana sonsa. Ya ce sun ƙara shekara goma sha tara tare, har ta rasu ba ta yafe wa kanta ba, shi ma bai ga alamar ta yafe masa ba.

Yaya, ki je wurin mai unguwa. In ba za ki iya ba, ki ɗauke Inna da Kawu.

Sharfaddeen

Gwarzo, 12 ga Yuli, 2022

Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Barka da salla, mun yi layya lafiya. Murja tana gaishe ka.

Ki je wurin mai unguwa. Da sauƙin rubutawa daga inda kake. Ni ce zan tsaya a gaban maza in ce uban 'yata maƙaryaci ne, ɗan ɗan'uwan Inna da ta goya a bayanta kafin ta haife ni. Kai in ka gama rubutu ka koma bakin ruwanka mai tsabta. Na yi fushi da kai, na yi fushi da tsohonka, kuma na san ba ku ne kuka yi laifin ba.

Na jira har wata guda kafin na iya yi masa magana. Na shimfiɗa wandon a gabansa. Bai musa ba. Ya ce, "Rami ne kamar bakin tulu, Furera. Hannuna ya shige har kafaɗa ban taɓa ƙarshensa ba."

Na ce, "Ka san da shi tun kafin ka shiga, tunda ka tafi da leda."

Ya ce ba shi ya ɗaura ledar ba, Badaruddeen ne, na hannun daman Oga, ya ba shi ya ce ko da wani abu. Ya ce Oga ya rantse masa bayan damina za a zo da motoci a gyara ba tare da surutu ba. In maganar ta fita yanzu, ga zaɓe yana matsowa, kowa ya shiga uku. "Damina ɗaya ce. Bangon nan ya ga damina arba'in."

Na ɗauko takardarka ta azumi na fara karanta masa. Da na zo wajen da mutane suka sauke kayansu sai ya ce in tsaya nan. Na ce waccan ma ai har sau biyu ka sa na karanta. Ya tashi ya fita. Tun ranar ba ya cin abinci sosai, kuma duk lokacin da hadari ya taso sai ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon gabas.

Ranar salla na je kwari. Na ce wa Inna ta zo Gwarzo ta yi damina da mu a duba mata ƙafa. Ta ce ƙafarta ta warke. Na ce bangon nan ya tsufa, Inna. Ta dube ni ta ce, "Jalo ya ce baƙa ce. Ke kin fi shi sanin ruwa?" Kawu Sajo yana gefe yana tufka igiya, ya ɗago ya kalle ni, ya koma kan igiyarsa. Gero ya kai gwiwa, masarar Kawu da ke bayan bangon ta fi ta kowa kyau. Na roƙe shi ya riƙa leƙa ta kullum, ya ce me zai gani. Na ce ruwa.

Ban san abin da zan yi ba tukuna. Kada ka sake ce mini in je.

Furera

Budapest, 9 ga Agusta, 2022

Yaya Furera,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Kusan wata guda ke nan babu takardarki, na kira ba ya shiga. Na ji ana ta ruwa a wajenmu. Ba zan ce ki yi komai ba, ki yi haƙuri da abin da na faɗa. Ki rubuto ko layi ɗaya ne in san kuna nan. Tibor ya daina shiga ruwa, zuwa yake ya zauna a benci ya tambaye ni ko an aiko.

Sharfaddeen

Madadi, 24 ga Agusta, 2022

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Inna lafiya, Kawu lafiya, Murja tana wajen Gwaggo Sabuwa a Lakwaya. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Kwana uku aka yi ana ruwa ba sassauci, dam ya cika har ya shafe layin fentin. Ranar Juma'a da hantsi Kawu Sajo ya aiko a ce mini ya ga abin da na ce. Na hau babur na je. A tsakiyar masararsa ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa, kalarsa kamar kunun kanwa. Na koma Gwarzo na ɗauko wandon da ledar. Ana saukowa daga masallaci na je ƙofar mai unguwa, na durƙusa na shimfiɗa su a gaban dattawa. Na faɗa duka.

Aka aika a kira shi. Ya zo da babbar rigarsa, Badaruddeen yana biye. Badaruddeen ya fara cewa rigimar cikin gida ce, mace in ta yi fushi babu abin da ba za ta ɗauko ba. Wasu suka gyaɗa kai. Da a ce Baban Murja ya ce ƙarya nake, wallahi da shi za a yarda. Ya tsaya yana kallon wandon. Sannan ya cire hula da riga ya naɗe, ya ɗora wayarsa a kai ya miƙo mini, ya ce a je bakin ruwa.

Bai daɗe a ƙasa ba. Ya fito hannunsa ja har gwiwar hannu, ya ɗaga yadda kowa zai gani. Ya ce wa mai unguwa, "Baba, ja ce. Tun ranar farko ja ce, ni na ɓoye. A kwashe mutane yau." Inna tana cikin matan da ke kan tudu, ta ji da kunnenta.

Sai ya ce dole a buɗe ƙofar sakin ruwa a rage wa bangon nauyi. Maza shida suka kama ƙarfen juyawa, ya ƙi motsi. Ya ce sarƙa ce ta sarƙe a ƙasa, ya ganta. Kawu ya riƙe masa hannu ya ce in ƙofar ta buɗu ruwan zai ja shi. Ya ce ya sani, Kawu. Ya dube ni. Ya shiga. Muna tsaye muka ji ƙarfen ya saki, ruwa ya fara kwarara ta ƙasa. Ƙofar ta buɗu rabi ta tsaya. Bai fito ba.

Yau kwana biyar. An bi rafi har kusa da Masanawa ba a gan shi ba. An kawo masunta daga Kabo, suka dubi wajen suka ce ba mai shiga. Liman ya ce in dakata da takaba sai an tabbatar, don haka ban san ko matar aure ce ni ko mai takaba ba. Rigarsa tana nan yadda ya naɗe ta.

An kwashe gida ashirin da bakwai zuwa firamaren Madadi, nan nake tare da su. Bangon kuwa yana tsaye, Sharfaddeen. Mutanen Oga sun zo ta'aziyya sun ce ya rasu a bakin aiki, bango lafiyarsa ƙalau, ga shi kowa yana gani. Mutane sun fara saurarensu. Gero yana can yana fidda kai, shanu ba su da wajen kiwo, yara sun gaji da kwanan aji. Shekaranjiya gida huɗu suka koma, jiya tara. Akwai matan da suka daina amsa gaisuwata. Na ji wata tana cewa na tona wa mijina asiri na tura shi ruwa a kan abin da bai faru ba.

Da safen nan Kawu ya je ya dubo. Ya ce abin da yake shigowa dam ya fi abin da rabin ƙofar take fitarwa, kuma ɓuɓɓugar cikin masara ta kai faɗin tabarma, yanzu ja ce sosai. Ya gaya wa masu komawa, suka ce ai shi ba Jalo ba ne.

Inna ba ta yi mini magana ba tun ranar Juma'a. Ɗazu ta ɗaure kayanta ta ce wa Kawu ita gida za ta, in ruwan ya ci ɗanta to ya zo ya same ta a ɗakinta. Na zauna a bakin ƙofar ajin na miƙe ƙafafuna, a nan nake rubuta maka, sai dai ta tsallake ni. Hadari ya haɗo daga gabas.

Tun Juma'a in na ɗaga hannu bayan salla sai in rasa abin roƙo. In bangon nan ya tsaya, ni ce matar da ta kashe mijinta a banza, kuma haka Murja za ta tashi tana ji. In ya faɗi, gida goma sha uku suna ƙarƙashinsa. Na san addu'ar da ta kamata in yi, ita nake yi, amma Allah yana ganin zuciyata ba kullum take bin bakina ba. Ka taya ni roƙon ya tsaya, kai da naka bakin da zuciyar suke tare.

Yayarka,
Furera